Kira ga masu koyar da rubuta manhaja kan girka ESLint ta hanyar npm

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da malamai da ɗaliban da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda yawansu ya ƙaru ƙwarai a garuruwanmu, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, na horar da mutum miliyan uku fasahar zamani, a shekarar 2023. Maganata ta shafi wani abu ne da ake yi wa riƙon sakainar kashi a azuzuwa da dama, wato yadda ake girka manhajar da ke duba rubutun shiri ta fito da kurakuransa tun kafin a kunna shi, da kuma yadda ake kula da ita bayan an girka ta. Zan ɗauki ESLint a matsayin misali, domin ita aka fi amfani da ita wajen duba harshen JavaScript, wanda da shi yawancin yaranmu suke fara gina shafukan intanet, kuma ana samun ta ne ta hannun npm, manhajar sauko da fakitoci, wato ƙunshin rubutun shiri da wasu suka rubuta don kowa ya yi amfani da su, wadda ke zuwa tare da Node.js, manhajar da ke kunna JavaScript a kwamfuta. Ra'ayina shi ne cewa wannan manhaja kayan aikin da ake ginawa ce, don haka a cikin foldar aikin ya kamata ta zauna, a rubuta lambar zubinta (version) a fayil, kuma kada ta canza sai da sanin masu aikin.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Stephen Johnson na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya fitar da manhajar lint domin harshen C a shekarar 1978, Douglas Crockford ya kawo JSLint domin JavaScript a 2002, sannan Nicholas Zakas ya fara ESLint a 2013 da tsarin da ya sa ta karɓu, inda kowace ƙa'ida take zaman kanta, ana iya kunna ta ko a kashe ta, kuma wasu mutane dabam suna iya rubuta ƙarin ƙa'idoji su rarraba su a matsayin fakitoci. Abin da take kamawa shi ne irin kuskuren da ido ke tsallakewa saboda gajiya: suna da aka yi amfani da shi ba a taɓa bayyana shi ba, suna da aka bayyana ba a taɓa amfani da shi ba, ko layukan da shirin ba zai taɓa isa gare su ba saboda an riga an fita a samansu. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna cewa a watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa saboda layi ɗaya da aka maimaita a cikin rubutun da ke tantance amincin shafukan intanet, wanda ya sa ana tsallake matakin tantancewa na ƙarshe. Wancan rubutu da harshen C aka yi shi, amma irin kuskuren ne da ƙa'idar gano layin da ba a isa gare shi take nunawa.

Matsalar tana farawa ne daga umarnin farko da ake koya wa ɗalibi, wato npm install -g eslint. Harafin g ɗin nan yana nufin a girka manhajar ga kwamfutar baki ɗaya, ta yadda za a iya kiran ta daga kowace folda, kuma na fahimci abin da ya sa malamai ke son sa, domin sau ɗaya ake yi a farkon zango a wuce wurin. To amma zubin da ɗalibi ya samu ya dogara ne ga ranar da ya buga umarnin. Wanda ya girka bara yana da wani zubi, wanda ya sayi kwamfuta a makon jiya yana da wani, malamin da zai duba aikin kuma yana da na uku, kuma babu wani fayil a cikin aikin da ya faɗi wanne ne daidai. Sai a wayi gari ɗalibai uku suna aikin haɗin gwiwa, ɗaya ya ce rubutunsu tsaf yake, na biyu ya ga kurakurai jere, na uku kuma manhajar ta ƙi tashi ma a wurinsa domin ba ta gane fayil ɗin tsarin da abokansa suka rubuta ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa, sai dai kowa da mudunsa ya zo awo. Masu ESLint da kansu sun rubuta a takardunsu cewa ba su ba da shawarar irin wannan girkawa ba, kuma tun daga zubi na 6 da ya fito a 2019, ko da an girka ta ga kwamfutar duka, dole ne ƙarin ƙa'idojin da ake amfani da su su kasance a cikin foldar aikin, wanda ke nufin sauƙin da ake nema ma ba a same shi ba.

Akwai wata illa da ke biyo baya ga masu amfani da Linux ko kwamfutar Apple. Girkawa ga na'urar duka takan tsaya da saƙon EACCES, wato babu izinin rubutu a wannan wuri, sai ɗalibi ya ji a wani bidiyo cewa maganin shi ne ya sa sudo a gaban umarnin. Daga ranar ya koyi ba wa rubutun da bai taɓa karantawa ba ikon shugaban na'ura, kuma wannan ɗabi'a ce mai wuyar bari.

Hanyar da ta dace ba ta fi waccan tsawo ba. A cikin foldar aikin ake buga npm install --save-dev eslint, sai npm ya sauke manhajar cikin foldar node_modules ta wannan aikin kaɗai, ya kuma rubuta sunanta da lambar zubinta a fayil ɗin package.json, a sashen kayan da ake buƙata lokacin gini ba lokacin da shafin ke yi wa jama'a aiki ba. Wannan rarrabewa tana da amfani, domin ranar da za a ɗora shafin a kan sabar ana iya cewa npm ya bar waɗannan kaya da --omit=dev, a rage nauyi. Wanda yake so a yi masa tambayoyi a tsara masa komai zai iya buga npm init @eslint/config@latest, wanda zai girka abin da ake buƙata ya kuma rubuta masa fayil ɗin tsari. Daga nan sai a ƙara layi ɗaya a sashen scripts na package.json, a ba shi suna lint, a sa masa umarnin eslint da ɗigo, ta yadda kowa a cikin rukunin zai riƙa buga npm run lint. Na fi son wannan a kan ɗaya umarnin kunna ta, npx eslint, ko da yake shi ma yana kiran wadda ke cikin aikin, saboda idan npx bai same ta a foldar ba zai nemi ya sauko da ita daga intanet, kuma ɗalibin da ke sauri zai amsa masa da e ba tare da ya duba sunan da ya rubuta ba. An sha samun miyagun fakitoci da aka raɗa wa sunaye masu kama da na sanannu domin su kama mai tuntuɓen yatsa, kamar crossenv da aka gano a 2017 yana kwaikwayon cross-env.

Inda nake so malamai su fi daɗewa shi ne kan lambar zubi. Lambar kashi uku ce da ɗigo a tsakaninsu: ta farko tana ƙaruwa idan an yi canjin da zai iya karya abin da ke aiki, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu, ta ƙarshe kuma idan gyara kawai aka yi. Lokacin da npm ya rubuta lambar a package.json, yakan sa mata alamar ^ a gaba, wadda ke nufin an yarda da duk wani zubi na gaba muddin lambar farko ba ta canza ba. Ga yawancin fakitoci wannan ba laifi, amma manhajar duba rubutu tana da halinta. Idan masu ita suka gyara wata ƙa'ida da a da take kau da kai daga wani kuskure, gyaran zai sa rubutun da ya wuce jiya ya faɗi yau, alhali babu wanda ya taɓa shi. Masu ESLint sun bayyana wannan a fili a manufarsu ta lambobin zubi, suka ce ƙaruwar lambar tsakiya tana iya kawo ƙarin kurakuran da za a nuna, suka kuma ba da shawarar a yi amfani da alamar ~, wadda ke barin lambar ƙarshe ce kawai ta motsa. Wanda ba ya son ko wannan motsin sai ya ƙara --save-exact lokacin girkawa.

Sai dai package.json sunan fakitocin da kai ka nema kawai yake ɗauke da su, alhali ESLint tana jawo wasu fakitoci gommai a bayanta, kowannensu da nasa mabuƙatan. Wanda ke riƙe da cikakken lissafin shi ne package-lock.json, wanda npm ya fara rubutawa da kansa tun zubi na 5 a shekarar 2017. A cikinsa akwai ainihin lambar kowane fakiti, da inda aka sauko da shi, da wani dogon hatimi na lissafi da ake gane ko an sauya abin da ke cikinsa. Abin takaici, wannan fayil ne ɗalibai suka fi gaggawar gogewa, wasu saboda tsawonsa ya ba su tsoro, wasu saboda an ce musu duk lokacin da girkawa ta ƙi sai a share shi tare da node_modules a sake daga farko, wasu kuma sukan hana Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikin, adana shi da gangan. Ya kamata ya shiga ma'ajiyar aikin tare da sauran rubutu, kuma duk wanda ya karɓi aikin, ko malami ko abokin aiki, ya buga npm ci maimakon npm install. Bambancin shi ne npm ci yana share tsohuwar node_modules, ya girka daidai abin da ke cikin fayil ɗin kulle, ba ya canza komai a cikinsa, kuma idan ya ga fayilolin biyu sun saɓa sai ya tsaya ya faɗa, ba ya yin gyara a ɓoye.

Wani zai ce duk wannan tsantseni don kauce wa gardamar ɗalibai ne kawai. Tarihin ESLint kanta ya nuna abin ya wuce nan. Ranar 12 ga Yulin 2018 wani ya shiga asusun npm na ɗaya daga cikin masu kula da ita, wanda ya yi amfani da kalmar sirri ɗaya a wurare da dama kuma bai kunna tantancewa mai mataki biyu ba, ya ɗora gurɓataccen zubi na 3.7.2 na fakitin eslint-scope da zubi na 5.0.2 na eslint-config-eslint. Da zarar an girka su, sai su sauko da wani rubutu daga shafin Pastebin, su kwashe abin da ke cikin fayil ɗin .npmrc na mai kwamfutar, inda makullin shiga asusunsa yake, su aika wa ɓarawon. Abin lura shi ne yawancin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman eslint-scope da sunansa ba, ya shigo musu ne a bayan sanannun fakitoci irin su babel-eslint da webpack da wasu tsofaffin zubin ESLint, kuma ƙofar da ya bi ita ce izinin karɓar sabon zubi kai tsaye, tunda daga 3.7.1 zuwa 3.7.2 lambar ƙarshe ce kawai ta motsa, ko alamar ~ ba za ta tare shi ba. Kamfanin npm ya soke makullan shiga da aka bayar kafin lokacin, su kuma masu ESLint, a bayanin da suka fitar bayan aukuwar lamarin, sun shawarci masu gina manhaja da su riƙa amfani da fayil ɗin kulle. Wanda yake da shi a ranar, ya kuma girka daga gare shi, tsohon zubi mai lafiya ya samu. Irin haka ta sake faruwa a Yulin 2025, lokacin da aka yaudari mai kula da eslint-config-prettier da wasiƙar bogi mai kama da ta npm, aka ɗora zubin da ke kunna muguwar manhaja a kwamfutocin Windows yayin girkawa. Manhajar da aka kawo don ta yi gadi ita ma fakiti ce da mutane ke rubutawa, kuma tana shigowa ta ƙofar da sauran ke bi.

Na san uzurin da za a kawo mini, kuma uzuri ne mai ƙarfi a wurinmu: data tana da tsada, sabis yana yankewa, wuta ba ta tsayawa, ga shi ana cewa kowane aiki ya sauke nasa kwafin. Wannan ne ya sa ɗalibai ke kwafar node_modules a filashi suna ba juna. Ban ga laifin niyyar ba, amma hanyar tana da matsala, domin gajerun hanyoyin kiran manhaja da npm ke ƙirƙira a Windows dabam suke da na Linux, wasu fakitocin kuma suna ɗauke da ɓangaren da aka gina don nau'in na'ura ɗaya, ban da cewa filashin da ya zaga aji ba a san abin da ya kwaso ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne npm yana ajiye kwafin duk abin da ya taɓa saukewa a rumbunsa na cikin kwamfuta, kuma idan aka ƙara --prefer-offline zai fara duba rumbun kafin ya taɓa intanet, don haka aiki na biyu mai zubi iri ɗaya kusan ba ya cin data. Kulle lambar zubi ma taimako yake yi a nan, domin mai bin sabon zubi kullum shi ne mai saukewa kullum. Cibiyar da ke da ɗalibai masu yawa kuwa tana iya ware tsohuwar kwamfuta ɗaya ta ɗora mata Verdaccio, wadda kyauta ce, ta zama rumbun fakitoci na cikin gida: mutum na farko ya sauke daga waje, sauran ajin su ɗauka daga gare ta ta hanyar sadarwar ɗakin.

Kullewa ba ta nufin a bar manhajar ta tsufa a wurin. A watan Afrilun 2024 zubi na 9 na ESLint ya fito, ya mayar da eslint.config.js fayil ɗin tsari na asali a madadin tsohon .eslintrc, kuma a Oktoban wannan shekarar aka daina kula da zubi na 8. Bidiyoyi da takardun koyarwa masu yawa da ke yawo a wayoyin ɗalibai kafin wannan canji aka yi su, shi ya sa yaro zai bi darasi daki-daki ya ƙare da saƙon cewa ba a ga fayil ɗin tsari ba. Aikin da ya kulle zubinsa bai girgiza ba a ranar, masu shi ne suka zaɓi lokacin da za su ƙaura. Yadda ya kamata a yi ƙaurar shi ne a buga npm outdated lokaci-lokaci a ga abin da ya tsufa, a karanta bayanin canje-canjen, a tabbatar zubin Node.js da ke kwamfutar ya kai abin da ake buƙata, tunda zubi na 9 ba ya aiki da abin da ya gaza 18.18, sannan a yi sabuntawar a reshe dabam na Git, ita kaɗai, ba a cakuɗa ta da wani gyara ba. Sau da yawa a nan ne saƙon ERESOLVE ke fitowa, wanda tun zubi na 7 na npm yake nufin ɗaya daga cikin fakitocin ƙarin ƙa'idoji bai yarda da sabon zubin ba tukuna. Amsar da ake yawan bayarwa ita ce a ƙara --force ko --legacy-peer-deps, alhali wannan rufe bakin mai gargaɗi ne kawai. Abin da ya fi shi ne a jira mai fakitin ya sabunta, ko a nemi madadinsa. Haka nan npm audit fix --force, wanda yake iya tsallaka da fakiti zuwa wata lambar farko ba tare da shawara ba.

Fayil ɗin tsarin shi ma kayan aikin ne, a adana shi a Git. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya kan ƙa'idojin da masu ESLint suka ware a matsayin na asali, ya ƙara kaɗan da ya fahimci dalilinsu, kamar eqeqeq da ke hana kwatanta abubuwa da alamar daidai guda biyu, tunda a JavaScript irin wannan kwatanci yana ɗaukar sifiri da rubutu marar komai a matsayin abu ɗaya. Kwaso tsarin wani babban kamfani mai ɗaruruwan ƙa'idoji yakan cika allo da jan rubutu har ɗalibi ya koyi kau da ido, ko ya sa eslint-disable, umarnin da ke sa ESLint ta yi shiru, a saman kowane fayil ya huta. Batun tazara da waƙafi da tsawon layi kuma a bar wa Prettier, manhajar da ke daidaita fasalin rubutu, domin ESLint da kanta ta sanar a 2023 cewa ta daina bunƙasa ƙa'idojinta na kwalliyar rubutu. Ƙarin da ake sa wa VS Code, manhajar da ake rubuta shiri a cikinta, don ya ja layi ƙarƙashin kuskure yana fara neman ESLint ta cikin foldar aikin ne, don haka abin da ɗalibi ke gani yana rubutu zai dace da abin da npm run lint zai faɗa.

Masu harsunan Python da PHP kada su ce maganar ba tasu ba ce. Sababbin Debian da Ubuntu, nau'o'in Linux, suna hana pip, takwaran npm a Python, girka fakiti a kan Python na na'urar, sai a cikin keɓaɓɓen muhalli na venv, kuma nan ya kamata manhajojin duba rubutun Python irin su Ruff ko Flake8 su zauna da lambar zubinsu a rubuce. A PHP kuma composer require --dev ne ke shigar da manhajar duba rubutu ta PHP_CodeSniffer cikin aiki, composer.lock ya riƙe lissafin.

Roƙona ga malamai da shugabannin cibiyoyin koyarwa shi ne su sa wannan cikin sharuɗɗan karɓar aikin ɗalibi. Kada a karɓi folda mai ɗauke da node_modules, a nemi package.json da package-lock.json da eslint.config.js, malami ya buga npm ci a kwamfutarsa, ya bi shi da npm run lint tare da --max-warnings 0 domin gargaɗi ma ya zama abin gyarawa, sannan ya fara duba ko shafin yana yin abin da aka ce ya yi. Ɗalibin da ya sa eslint-disable a wani layi kuma a tambaye shi dalili a gaban ajin, idan dalilin ya karɓu a ce ya rubuta shi a gefen layin.

Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani malamin koyar da rubuta manhaja, daga Kano.